Fashin Baƙi: Wa ke tsaron ɗalibi a Jami'ar Jos, mai gadi ko ɗan sanda?

Duk ranar da gari ya ɗan motsa a Jos, wayoyin ɗaliban jami'a ba sa hutawa. Uwa na kira daga Kano, kawu na kira daga Lafiya, tambayar kuma ɗaya ce: "Kana ina? Kana cikin makaranta?" Idan yaron ya amsa da e, sai a sauke ajiyar zuciya, a ɗauka ya shiga inda babu mai taɓa shi. Bayan ƙura ta lafa sai muhawara ta tashi a majalisu da shafukan Facebook. Wani ya ce me ya hana a bai wa masu gadin jami'a bindiga? Wani ya ce a girke sojoji a kowace ƙofa a huta. Ɗalibai kuma, musamman 'yan ƙungiya, su ce ai ɗan sanda ba shi da hurumin taka harabar jami'a.

Kowace daga cikin maganganun nan tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma kowace akwai inda ta kauce. Tambayar da ya kamata a fara warwarewa ita ce: daga lokacin da ɗalibi ya fito daga ɗakinsa da safe zuwa lokacin da ya koma da dare, wa ke da alhakin tsaronsa, kuma ina iyakar ikon kowa?

Masu kaki iri-iri a bakin get

Mutumin da ke tsaye a ƙofar jami'a yana duba katin shaida, wanda ɗalibai ke kira ɗan sikiriti, ma'aikacin sashen tsaro na jami'a ne, ko kuma ma'aikacin wani kamfanin gadi da aka bai wa kwangila. Yana ƙarƙashin babban jami'in tsaro na jami'ar, wanda shi kuma yake amsa umarnin shugaban jami'a. Sau da yawa tsohon soja ne ko tsohon ɗan sanda ake naɗawa a wannan kujera. Aikin ɗan sikiriti shi ne lura da shige da fice, sintiri a ajujuwa da ɗakunan kwana, tsare dukiyar makaranta, da karɓar ƙorafi. Makaminsa kulki ne da tocila da usur, in an yi sa'a da oba-oba.

Rashin bindigar nan doka ce ta jawo shi. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga a bakin aiki, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni. Dokar mallakar makamai ta ƙasa ita ma ba ta bar shugaban jami'a ya sayo bindigogi ya raba wa ma'aikatansa ba. Saboda haka duk mai ɗora wa hukumar makaranta laifi a wannan gaɓa, ya kai kukansa inda ba za a iya share masa hawaye ba.

Ikon kamun da ke hannun ɗan sikiriti bai wuce wanda ke hannuna da naka ba. Doka ta yarda kowane ɗan ƙasa ya riƙe wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Kulle ɗalibi kwana da kwanaki a wani ɗaki na ofishin tsaro, ko lakaɗa masa duka don ya amsa laifi, duk sun saɓa wa doka, ko da kuwa an kama shi da kayan sata a hannu.

Ɗan sanda kuwa na tarayya ne. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, shi ya sa babu jami'ar da ke da 'yan sandan kanta, irin yadda ake gani a jami'o'in Amurka. Ɗan sandan da ke sintiri a kewayen jami'a difi'onsa yake saurare, difi'o kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. Shugaban jami'a roƙo yake yi, ba umarni ba. A Jos kuma akwai ƙarin wasu: rundunar haɗin gwiwa da aka kafa a 2010 bayan rikice-rikicen da suka addabi jihar, wadda mutanen gari suka fi sani da STF ko Operation Safe Haven, sai rundunar jiha ta Operation Rainbow, sai 'yan banga da 'yan sintirin unguwa. Duk waɗannan suna iya haɗuwa a titi ɗaya, kowa da ubangidansa. Ranar da abu ya faru, a nan ake gane ko sun saba magana da juna ko kuwa kowa tasa ta fishshe shi.

"Ɗan sanda ba ya shiga jami'a"

Wannan magana ta daɗe tana yawo, har wasu na rantsuwa a kanta. Babu wata doka da ta cire harabar jami'a daga cikin ƙasar Najeriya. Idan aka yi kisa ko fashi ko fyaɗe a cikin makaranta, ɗan sanda na da cikakken ikon shiga ya yi bincike. Abin da ke akwai al'ada ce: 'yan sanda ba sa kutsawa da makamai sai hukumar jami'a ta gayyace su, ko aƙalla an sanar da ita.

Al'adar da jini aka saye ta, kuma duk wanda bai san tarihin ba zai ɗauka taurin kan ɗalibai ne kawai. A watan Fabrairun 1971 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi, Kunle Adepeju, a Jami'ar Ibadan lokacin wata zanga-zanga. A 1978, lokacin da ɗalibai suka tayar da ƙayar baya kan ƙarin kobo 50 a kuɗin abinci, zamanin da Ahmadu Ali ke riƙe da ma'aikatar ilimi, an rasa rayuka a Legas da Zariya. Sai kuma 23 ga Mayun 1986, ranar da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, zamanin shugabancin Farfesa Ango Abdullahi. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Malaman da ke koyarwa a jami'o'inmu yau, da yawansu ɗalibai ne a wancan lokacin, ko ƙannen waɗanda suka ga abin da idonsu. Matasan yanzu kuma suna da nasu tabon na zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, da tsayar da su da ake yi a hanya ana binciken waya saboda aski ko kwamfutar da ke jaka. Idan ka ji ɗalibi yana ɗari-ɗari da mai bindiga, daga nan abin ya samo asali.

Laifin makaranta daban, laifin ƙasa daban

Nan ma iyaye na yawan rikicewa. Uba zai ji an kama ɗansa da laifi a makaranta, ya taho da dattawa a ba da haƙuri, sai ya tarar magana ta riga ta isa caji ofis. Wani kuma akasin haka: an yi wa 'yarsa mummunan abu, yana jiran ya ga an gurfanar da mai laifi, sai ya ji an kafa kwamiti, daga nan shiru.

Jami'a na da ikon hukunta wanda ya karya dokokinta, kamar rashin ɗa'a, kwana a ɗakin da ba nasa ba, ko shigo da abin da aka hana. Tana iya dakatarwa, tana iya kora. Amma shari'ar babban laifi aikin kotu ne. Kotun Ƙoli ta fayyace wannan a 1986 a ƙarar da wani ɗalibi mai suna Garba da wasu 'yan uwansa ɗalibai suka shigar da Jami'ar Maiduguri. An kore su ne bayan wata tarzoma ta 1983 bisa zargin ƙone-ƙone da wawushe kaya, marigayi Gani Fawehinmi ya tsaya musu, kotu kuma ta soke korar, ta ce ba a ba su damar kare kansu yadda ya kamata ba, sannan irin waɗannan zarge-zarge hurumin kotu ne. Har yau lauyoyi na kafa hujja da wannan hukunci.

Matsalar ita ce makarantu na gudun abin kunya. Sunan jami'a a jarida tare da kalmar fyaɗe ko ƙungiyar asiri abu ne da babu shugaban da ke so, don haka akwai jarabar a binne magana a cikin gida. Wanda aka zalunta ya ga babu abin da ya biyo baya, ya gaya wa abokansa, gobe idan abin ya sami wani sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Da haka ofishin tsaro ke rasa abin da ya fi bindiga amfani gare shi, wato labari.

Jami'ar da gari ya ratsa

Wanda bai san Jos ba zai zaci jami'ar wuri ɗaya ce mai katanga da ƙofa biyu. Ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta samu cin gashin kanta a 1975, kuma tun daga lokacin a warwatse take. Akwai harabar titin Bauchi, akwai ta Naraguta, akwai tsohuwar ta cikin gari, ga asibitin koyarwa can Lamingo. Ɗakunan kwanan ɗalibai irin su Abuja da Naraguta da Village ba sa ɗaukar kowa, don haka dubbai na zaune a gidajen haya a Rusau, Farin Gada, Unguwar Rukuba, Unguwar Rogo da sauransu. Ɗalibi ɗaya na iya kwana a wata unguwa, ya yi lakcar safe a wata harabar, ya hau keke zuwa wata don ta yamma.

A garin da yake lafiya lau wannan wahalar kuɗin mota ce kawai. Jos kuwa tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, unguwanninta suka rabu bisa addini. Ɗan gari ya san wannan taswira a kansa, ya san titin da ba a bi idan an ji ƙishin-ƙishin, ya san ma'anar ganin 'yan kasuwar Taminus na rufe shaguna da rana tsaka. Yaron da ya zo daga Gombe ko Binuwai ko Legas wata biyu da suka wuce bai san komai a ciki ba. Shi ne kuma ya fi kowa shiga haɗari, Musulmi ne ko Kirista.

Agustan 2021 ya nuna haka ƙarara. Ranar 14 ga watan aka tare matafiya a hanyar Rukuba, mutanen da suka fito daga taron zikiri a Bauchi za su koma jihar Ondo, aka kashe fiye da 20. Gwamna Simon Lalong ya sa dokar hana fita, har ta kai ta awa 24 a Jos ta Arewa. A kwanakin da suka biyo baya an kashe ɗaliban jami'ar a titunan gari, jami'a ta dakatar da jarrabawa, gwamnatocin jihohi suka riƙa turo motoci da rakiyar jami'an tsaro suna kwashe 'ya'yansu. Kwana goma bayan harin farko aka afka wa Yelwa Zangam, ƙauyen da ke bayan harabar Naraguta, aka kashe mutane da dama cikin dare. Duk wanda ya zauna a Jos a makonnin nan ya san yadda ɗaliban da ke gidajen haya suka ƙare: ga yunwa saboda ba fita, ga jita-jita na yawo a WhatsApp, ga rashin sanin wanda za a kira.

Na tsaya a kan wannan ne saboda a nan hujjar take. Ƙara masu gadi ɗari a ƙofar titin Bauchi ba zai kare yaron da ya fito daga Rusau neman abinci ba.

Ba Jos kaɗai ba

Idan aka duba hare-haren da aka kai wa manyan makarantu a shekarun nan, za a ga mahara na neman inda katanga ta ƙare ne. A daren 2 ga Nuwamban 2021 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikatan Jami'ar Abuja da ke Giri, suka tafi da mutum shida, har da malamai da 'ya'yansu, aka kuɓutar da su bayan 'yan kwanaki. A Satumban 2023 ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau aka ɗauke daga gidajen haya a Sabon Gida. Wata guda bai cika ba aka yi irin haka ga ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma, su ma a gidan haya. Gaskiya ne akwai inda aka shiga har cikin makaranta, kamar kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna a Maris 2021, da jami'ar Greenfield, ita ma a Kaduna, a Afrilun shekarar, inda aka kashe ɗalibai biyar, da harin da aka kai wa masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilun 2012. A irin waɗannan, mai kulki ba shi da abin yi sai ya busa usur ya nemi mafaka.

Masu cewa a kawo bindiga, da masu cewa a'a

Hujjar ɓangaren farko a bayyane take, kuma ba na raina ta. Ɓarayin daji da AK-47 suke zuwa. Caji ofis mafi kusa na iya zama da mota ɗaya, ita ma ba mai. Idan akwai 'yan sanda ko Sibil Difens masu makami da ke kwana a wurin, mahara za su yi tunani sau biyu. Iyaye da yawa a nan suke, haka ma masu goyon bayan a kafa 'yan sandan jihohi, batun da ake ta tafka muhawara a kansa a majalisa.

Ɓangare na biyu na tuna tarihin da na ambata. Suna cewa mai bindigar da aka kawo don ɓarayin daji, kwana 364 na shekara da ɗalibai zai yi mu'amala. Idan ba a horar da shi kan zama da matasa ba, zai koma karɓar na goro a get, da shiga rigimar saurayi da budurwa, ranar zanga-zangar kuɗin makaranta kuma Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Suna ƙarawa da cewa yarjejeniyar kare makarantu ta duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2015, ta kuma karɓi baƙuncin taronta na huɗu a Abuja a Oktoban 2021, tana jan kunne kan mayar da makaranta sansanin soja, don hakan na iya jawo mata hari.

A ganina masu makami suna da wurinsu, kuma wurin shi ne kewaye: bakin hanya, bayan katanga, unguwannin da ɗalibai ke haya, da hanyoyin da ke tsakanin harabobi, musamman daga magariba zuwa asuba. Cikin ajujuwa da ɗakunan kwana a bar wa sashen tsaron jami'a, a gyara shi. A rubuta yarjejeniya tsakanin jami'a da rundunar 'yan sanda, kowa ya san wa ke kira, wa ke amsawa, da yaushe ake shigowa, ɗalibai kuma su san abin da ke cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wayar da kai: abin da ake yi, da abin da ya kamata

A yawancin jami'o'inmu ilimin kare kai bai wuce jawabi ɗaya ba a makon tarbar sababbin ɗalibai. Babban jami'in tsaro ya hau mumbari ya ce a guji ƙungiyar asiri, a guji ƙwaya, a riƙa yawo da katin shaida. Rabin ɗaliban ma ba su iso ba, suna can suna fama da rajista. Daga nan sai ɗan littafin dokoki da ake jefawa ƙasan akwati. Jawabin duk gargaɗi ne kan abin da ɗalibi zai iya aikatawa, ba a cika gaya masa abin da zai yi idan shi aka yi wa ba.

Abu na farko da baƙon ɗalibi ke buƙata a Jos shi ne sanin gari. Manya na jin nauyin faɗin wannan a bainar jama'a don kada a ce suna raba kan mutane, amma ɓoye wa yaro gaskiyar garin da zai zauna shekara huɗu ko biyar cutarwa ce. Ana iya faɗa cikin mutunci, ba tare da ɓata sunan kowace unguwa ba: idan ka ji an fara, tsaya inda kake, kada ka kama hanyar gida, ga lambar da za ka kira, ga inda za a tara ku. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista sun fi kowa isa ga yaran nan, kuma idan shugabanninsu suka tsaya tare a gaban sababbin ɗalibai suka faɗi magana ɗaya, tasirinta ya fi na takardar sanarwa goma. Da ɗan gari akan ci gari.

Na biyu, jita-jita. A 2021 hotunan tsofaffin rikice-rikice, wasu ma ba na Najeriya ba, sun yi ta yawo a matsayin na ranar. Ɗalibin da ya tura irin wannan saƙo zuwa zauren ajinsu yana ganin taimako ya yi, alhali yana iya sa mutum ɗari su fito a guje su faɗa inda ake gudu. Maganin abin shi ne jami'a ta kasance da murya ɗaya da aka sani, mai magana da wuri ta saƙon waya, ko da abin da za ta ce bai wuce "mun ji, muna bincike, kowa ya zauna a ɗaki" ba. Shirun hukuma shi ke ba jita-jita ƙafa.

Na uku, haƙƙin ɗalibi a gaban ɗan sanda, da ladabin da ya kamata ya nuna. Beli kyauta ne. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a Jos ko Abuja babu inda bai cika wannan ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ce aski ko irin tufafin mutum ba hujjar zarginsa ba ne. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa. Rundunar na da sashen karɓar ƙorafin jama'a kan jami'anta, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112 ce. Sanin waɗannan ba lasisin yi wa mai bindiga tsawa a bakin titi da dare ba ne. Ka yi magana a hankali, ka nuna katinka, ka lura da suna da lambar mota, ka sanar da wani inda kake, ƙorafi ya biyo baya da rana.

Na huɗu, ihun "ɓarawo". Satar waya ita ce laifin yau da kullum a makarantu, kuma fushin ɗalibai a kanta na da dalili. Amma taron dukan wanda ake zargi kisan kai ne idan rai ya fita, kuma duk wanda ya ɗaga hannu yana ciki. Ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal da aka kashe a Aluu a Oktoban 2012 a kan zargi aka kashe su, daga baya kotu ta yanke wa wasu daga cikin waɗanda suka yi abin hukuncin kisa. A gari irin Jos kuma, inda sunan wanda aka daka da sunan waɗanda suka dake shi kan iya juya magana ta koma wani abu daban cikin awa guda, haɗarin ninki biyu ne.

Akwai kuma abubuwan da ba sa shiga labarai sosai amma suna cin rai. Sanyin Jos a Disamba da Janairu na sa ɗalibai su kunna gawayi a ɗaki su rufe taga, hayaƙin da ba a gani ya kwashe su cikin barci. Haka janareta a baranda, da tukunyar gas kusa da katifa, da hita da aka manta a bokiti. Gobarar da ta cinye ɗakin karatu na harabar Naraguta a Oktoban 2016 ta isa ta sa kowane ɗalibi ya san inda abin kashe wuta yake da yadda ake buɗe shi. Ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu kyan gani da zurfin da ba a zato. Ga tsallaka titin Bauchi da na Zariya inda manyan motoci ke gangarowa.

Ɗalibai mata na da tasu damuwar da ba za su kai wa namiji mai kaki a bakin get ba. Cin zarafi daga malami ko ɗan aji na buƙatar ofishi na daban, mace a ciki, sirri, da tabbacin cewa sakamakon jarrabawa ba zai zama abin ramuwa ba. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na ɗaukar neman lalata don ba da maki a matsayin cin amanar ofis, kuma a 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Ile-Ife shekara biyu a kan haka. 'Yan mata da yawa ba su san wannan ƙofa a buɗe take ba.

Batun ƙungiyar asiri da ƙwaya kuwa shi ne wanda aka fi yin wa'azi a kansa, don haka ba zan ja shi ba. Abin lura kawai shi ne yaron da ya riga ya shiga yana son fita, ina zai je ba tare da an kore shi ko 'yan ƙungiyar sun farauce shi ba? Irin wannan tambaya na kan shirin gwajin ƙwaya ga ɗalibai da hukumar NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa ke turawa. Idan sakamakon gwaji hanyar magani ce, iyaye za su yi maraba. Idan hanyar kora ce, yaran za su koyi ɓoyewa ne kawai.

Wa zai biya, wa zai ji a jikinsa?

A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, na sama da naira biliyan 144, aka kuma buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a hedikwatar Sibil Difens a Abuja. Makarantun ƙasar nan dubbai ne, firamare da sakandare da manya, don haka abin da zai isa ga jami'a ɗaya ba zai taka kara ya karya ba. Sauran nauyin kan jami'a yake komawa, ita kuma ta mayar da shi kan kuɗin rajista. Uban da ke biya yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka yi da kason tsaro: fitilu nawa ke ci a hanyar ɗakin kwana, ko motar sintiri na tashi, ko mai gadin da kamfani ya turo ya karɓi albashinsa. Mai gadin da ke bin bashin wata uku, yana tsaye cikin sanyin Naraguta, ba za a yi mamaki ba idan ya kau da kai don naira ɗari biyar.

Rufe jami'a kuma ba ɗalibai kaɗai yake taɓawa ba. Mai keke, mai sayar da abinci, mai shagon buga takardu, mai kayan miya a Farin Gada, da mai gidan haya a Rusau duk da ɗalibai suke ci. Wannan ya sa masu unguwanni da masu gidajen haya ke da ruwa da tsaki a maganar. Jami'a na iya ajiye rajistar gidajen da ɗalibanta ke haya, ta gindaya sharaɗin ƙofa mai ƙarfi da fitila da lambar mai unguwa kafin ta sa gida a jerin waɗanda ta amince da su. Da a ce akwai irin wannan rajista a kowace makaranta, ranar kwashe ɗalibai ba sai an bi gida-gida ana tambaya ba.

Iyaye ma akwai nasu. Mafi yawanmu lambar yaron kaɗai muke da ita, idan wayarsa ta mutu shi ke nan. Kafin a bar shi a makaranta ya kamata a san sunan unguwar da yake da kwatancen gidan, a karɓi lambar abokin ɗakinsa da ta mai gidan da ta ofishin kula da harkokin ɗalibai, a kuma haɗa shi da wani dattijo a cikin gari da zai iya zuwa wurinsa. Ranar da aka ji gari ya motsa, kada a ce masa ya hau mota ya taho gida nan take. A tambaye shi ko yana da abinci da ruwa da caji na kwana biyu, a ce ya zauna inda yake har sai jami'a ko jami'an tsaro sun ce hanya ta buɗe.